Saint-Georges: Ɗan baiwa mai baiwa da ya jagoranci makaɗan Faransa, aka hana shi kujera

A farkon shekarar 1776, babban gidan opera na birnin Paris, wato dandalin wasan kwaikwayon da ake gabatarwa da waƙa da kiɗa, ya dulmuya cikin bashi da rigingimun cikin gida, har hukuma ta shiga neman sabon shugaban da zai ceto shi. A cikin sunayen da aka gabatar babu wanda ya kai na Joseph Bologne ƙarfi, matashi ɗan shekara 30 da duk birnin ya sani da laƙabin Chevalier de Saint-Georges. Shekara uku ke nan yana jagorantar wata ƙungiyar makaɗa da ya mayar abin kwatance a Turai, kuma a fagen goge kaɗan ne ke iya tsayawa kusa da shi. Ana cikin haka sai wasu taurarin gidan su uku, mawaƙa Sophie Arnould da Rosalie Levasseur da 'yar rawa Marie-Madeleine Guimard, suka aika wa Sarauniya Marie Antoinette takardar koke. Ba su soki iliminsa ba, ba su kuma zarge shi da rashin amana ba. Hujjarsu guda ce, wai mutuncinsu ba zai bari su karɓi umarni daga ɗan baƙar mace ba. Saint-Georges ya janye sunansa domin kada ya jefa sarauniya cikin abin kunya, Sarki Louis na 16 kuwa ya miƙa ragamar gidan ga jami'in fadarsa mai kula da shagulgula.

Faransa ta sarakuna ta tafa wa wannan mutum a kowane dandali da ya hau, amma ta hana shi kujerar iko. Faransa ta juyin juya hali ta ba shi kujerar, bayan shekara guda ta ƙwace, ta kuma kulle shi a kurkuku.

Gandun rake da dokar bayi

An haife shi ranar 25 ga Disamba, 1745, a Baillif da ke gaɓar tsibirin Gwadalup a yankin Karebiyan, tsibirin da har yau yake ƙarƙashin tutar Faransa. Mahaifinsa, Georges de Bologne Saint-Georges, Bafaranshe ne mai gandu da bayi masu yawa. Mahaifiyarsa Anne, wadda ake kira Nanon, baiwa ce mai yi wa matar maigidan hidima, kuma ba ta kai shekara 20 ba lokacin da ta haife shi. Duk abin da za a faɗa game da yadda mahaifin ya riƙe ta daga baya, wajibi ne a tuna cewa yarinya ce da doka ta mallaka wa mutumin, ba ta da bakin ƙin abin da ya so.

Dokar da ke mulkin tsibirin ita ce Code Noir, kundin dokokin bauta da Sarki Louis na 14 ya kafa a 1685. Kundin ya ayyana bawa a matsayin kadara da ake sayarwa ake kuma gada, tamkar dabba ko kayan ɗaki, sannan ya ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. Ke nan a idon hukuma, jaririn nan kaya ne daga cikin kayan ubansa. Haɗarin wannan matsayi ya bayyana tun yaron yana ɗan shekara biyu. A ƙarshen 1747 mahaifin ya yi faɗa da wani mutum, ya ji masa rauni da takobi, mutumin ya mutu. Ya gudu daga tsibirin, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa tare da umarnin ƙwace dukiyarsa. Da Nanon da ɗanta sun tsaya, da ba abin da zai hana a lissafa su cikin dukiyar a yi gwanjonsu. An tsallakar da su zuwa Faransa, ba su koma ba sai bayan da sarki ya yi wa mahaifin afuwa a 1749.

A 1753 uban ya sake kai Joseph Faransa, wannan karon domin karatu, bayan shekara biyu kuma Nanon ta biyo su. A 1757 mahaifin ya sami muƙamin bafade a fadar sarki, muƙamin da ɗansa ba shi da haƙƙin gada tunda ba ta hanyar aure aka haife shi ba. Uban ya san da haka, saboda haka ya zuba kuɗi wajen ba shi irin tarbiyyar da ake ba 'ya'yan sarauta, ko ilimi ya buɗe masa ƙofar da doka ta rufe.

Takobi ne ya fara yi masa suna

Yana ɗan shekara 13 aka sa shi makarantar kwana ta Texier de La Boëssière, fitaccen malamin wasan takobi a Paris. Da safe ana karatun littafi, da yamma a shiga zauren atisaye. A wancan zamani iya takobi shi ne shaidar cikar ɗan babban gida, kuma cikin 'yan shekaru ɗan baiwar nan ya fi duk 'ya'yan manyan da ke zauren. Wani malamin takobi daga birnin Rouen mai suna Alexandre Picard ya riƙa yi masa gori a bainar jama'a, yana kiransa ruwa-biyun La Boëssière. Aka haɗa su karawa a gaban taro, ɗalibi da malami, ɗalibin ya yi nasara. Mahaifinsa ya ba shi kyautar doki da keken doki. Da ya kammala makarantar aka ɗauke shi cikin dogaran sarki, daga nan ya fara amsa laƙabin Chevalier, wato barde.

Sunansa ya kai har kunnen baƙi. John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu, ya rubuta a kundin ajiyar bayanansa na yau da kullum a 1779 cewa an kwatanta masa Saint-Georges a matsayin wanda ya fi kowa a Turai iya sukuwa da harbi da takobi da rawa da kiɗa. Irin wannan yabo yana da daɗin ji, sai dai akwai ƙaya a cikinsa. Manyan Paris sun fi son su kalle shi a matsayin abin mamaki, irin wanda ake gayyata walima domin a nuna wa baƙi, kuma wanda ake kallo da mamaki ba kasafai ake ɗaukarsa tsara ba.

Goge da jagorancin makaɗa

Gogen Turawa, wanda ake kira bayolin, ɗan uwan gogen da Bahaushe ya sani ne ta fuskar goga tsirkiya da gashin wutsiyar doki. Bambancin shi ne tsirkiyarsa huɗu ce, jikinsa duka na katako ne, kuma ana ɗora shi tsakanin kafaɗa da haɓa. Mai son ƙwarewa a kansa sai ya shafe shekaru yana horar da yatsun hagu da tsintsiyar hannun dama. Saint-Georges ya yi wannan horo ba tare da hayaniya ba, a daidai lokacin da duk gari ke zancen takobinsa. A 1766 mawallafin kiɗa François-Joseph Gossec ya sadaukar masa da jerin kaɗe-kaɗe shida, alamar cewa masu sana'ar sun riga sun ɗauke shi ɗaya daga cikinsu.

A 1769 Gossec ya kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Concert des Amateurs, wadda ke wasa a katafaren gidan Soubise da ke Paris, Saint-Georges kuma ya shiga cikin masu goge. A 1772 ya fito shi kaɗai a gaban ƙungiyar ya buga konsato biyu da ya rubuta da kansa. Konsato wani nau'in kiɗa ne da makaɗi ɗaya ke jan ragama, sauran suna amsa masa, kamar zabiya da 'yan amshinta. Da Gossec ya koma wata ƙungiyar a 1773, sai aka damƙa wa Saint-Georges jagoranci, yana ɗan shekara 27.

A nan ne aikinsa na koyarwa yake. A wancan zamani jagoran makaɗa ba ya tsayawa da 'yar sanda a hannu kamar yadda ake gani yau. Da gogensa a kafaɗa yake jan tafiyar, makaɗa suna bin motsin hannunsa da kansa. Ƙungiyar tana da mutum fiye da 60, kuma gauraye take: akwai ƙwararru masu cin abinci da sana'ar, akwai kuma 'ya'yan sarauta da attajirai masu kiɗa don sha'awa. Haɗa irin waɗannan su tashi tare, su sauka tare, su sassauta sauti a lokaci guda, aiki ne na malami mai haƙuri da kuma kwarjini. Dole ya tsayar da ɗan basarake a tsakiyar bita ya ce masa ya yi kuskure, ya sa shi ya maimaita. Sun jure masa hakan shekara takwas, kuma a ƙarƙashinsa aka riƙa lissafa ƙungiyar cikin mafi tsari da daidaito a Turai.

A gefe guda yana ta rubutu. Jerin kiɗansa na farko na makaɗa huɗu, wanda aka buga a 1773, yana cikin na farko-farko irinsa a Faransa. Ya rubuta konsaton goge kimanin 14, da wasu takwas na wani salo da Paris ta yi fice a kansa, inda makaɗa biyu ko fiye ke musayar jagoranci a gaban ƙungiya. Masu buga ayyukansa a yau sun san wahalarsu: yatsun hagu sukan hau can ƙarshen wuyan gogen inda sauti ke sirancewa, hannun dama kuma yana tsalle tsakanin tsirkiyoyi da sauri. Ba wuya mutum ya hango hannun mai takobi a cikin wannan sauri. Amma sassan da ke tafiya a hankali sun fi daɗewa a kunne, domin akwai wani sanyi mai kama da kewa a cikinsu.

To me ya sa manyan da suka yarda ya gyara musu kuskure a gidan Soubise ba su tsaya masa ba a rikicin 1776? Concert des Amateurs ƙungiya ce mai zaman kanta, masu hannu da shuni ne ke tara mata kuɗi, kuma duk wanda ya gaji yana iya ɗaukar gogensa ya tafi. Gidan opera kuwa hukuma ce ta sarki, mai kasafin kuɗi da ɗaruruwan ma'aikata. Shugabanta yana ɗauka yana kora, yana yanka albashi, yana hukunta wanda ya ƙi zuwa bita. Masu nazarin tarihinsa sun lura cewa taurarin nan uku suna da abin tsoro na daban, domin mutumin ya yi suna wajen tsare ƙa'ida, su kuwa sun saba cin karensu babu babbaka. Sai dai da suka tashi yaƙarsa ba su kawo zancen ƙa'ida ba. Sun ɗauko launin fata ne saboda sun san shi ne makamin da zai ci, kuma ya ci.

Iskar siyasa ma tana kaɗawa ta wannan ɓangare. A watan Agustan 1777 sarki ya fitar da dokar da ta hana baƙaƙe da 'yan ruwa-biyu shigowa Faransa. A farkon 1778 aka wajabta wa waɗanda ke Paris yin rajista da riƙe takardar shaida, a watan Afrilun shekarar kuma aka haramta aure tsakanin farare da baƙaƙe. A daidai waɗannan shekaru ne ake gayyatar Saint-Georges fadar Versailles ya yi kiɗa tare da sarauniya. Bai taɓa yin aure ba.

Ya gwada rubuta opera. Ta farko, Ernestine, an nuna ta a watan Yulin 1777, ta faɗi a daren farko, kuma yawancin masu sharhi sun ɗora laifin kan rubutun labarin, wanda Choderlos de Laclos ya yi. Bai karaya ba, ya ci gaba. Daga cikin waɗanda ya rubuta, L'Amant anonyme ta 1780 ce kaɗai ta iso wannan zamani a cikakkiyar surarta. A wannan tsakani ya zama shugaban gidan wasan Madame de Montesson, matar Basaraken Orléans, ɗan uwan sarki. Mahaifinsa ya riga ya rasu a Gwadalup a 1774, gandun kuma ya tafi ga 'yar da matar aure ta haifa, saboda haka albashin gidan Orléans ya zame masa abin dogaro.

Akwai laƙabin da aka manna masa bayan mutuwarsa, wai Mozart Baƙar Fata. Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya nuna rashin adalcin laƙabin. Saint-Georges ya girmi Mozart da shekara 10. Lokacin da Mozart ya zo Paris a 1778 yana ɗan shekara 22, neman aiki ya zo, bai kuma samu ba, mahaifiyarsa ta rasu a can, ya koma gida. A wannan shekara Saint-Georges yana jagorantar ƙungiyar makaɗa mafi daraja a birnin. Bayan komawarsa ne, a 1779, Mozart ya rubuta shahararren kiɗansa na makaɗa biyu da ƙungiya, a salon nan da ya tarar yana tashe a Paris, wanda Saint-Georges yake cikin gwanayensa.

A 1781 kuɗi ya ƙare wa Concert des Amateurs ta rushe. Saint-Georges ya sake tattara makaɗan ƙarƙashin wani reshe na ƙungiyar Firimason, aka sa wa sabuwar ƙungiyar suna Concert de la Loge Olympique. Ita ce ta yi odar simfoni shida daga Joseph Haydn na Ostiriya, wanda a lokacin babu mawallafin kiɗa da ya kai shi suna a Turai. Wani basarake, Comte d'Ogny, shi ya ɗauki nauyi, aka biya Haydn tsabar zinariya 25 kan kowace ɗaya. Waɗannan su ne simfoni na 82 zuwa na 87, da ake kira Simfonin Paris, kuma Saint-Georges ne ya jagoranci fara buga su a 1787. Har yau ana buga su a manyan zaurukan duniya, galibi ba tare da an ambaci wanda ya fara tsayawa gaban makaɗansu ba.

Daga zauren kiɗa zuwa fagen fama

Da tsohon Basaraken Orléans ya rasu a 1785, ɗansa Philippe ya jawo Saint-Georges jikinsa, ya ba shi masauki a fadarsa ta Palais-Royal. Wannan fada ita ce matattarar masu adawa da mulkin sarki mai cikakken iko, kuma cikin masu kai da komo a wurin har da Jacques-Pierre Brissot. A 1787 Saint-Georges ya je Landan, inda a watan Afrilu ya yi wasan takobi a gaban Yariman Wales da Chevalier d'Éon, tsohon jami'in leƙen asirin Faransa da ke rayuwa cikin shigar mata. A wannan shekara aka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi a Landan, a watan Fabrairun 1788 kuma Brissot ya kafa takwararta a Paris, Société des Amis des Noirs, wato ƙungiyar abokan baƙaƙe.

Da juyin juya hali ya ɓarke a 1789, mutumin da ya ci arzikin fada yana da dalilin tsayawa gefe, ko ma ya bi abokansa masu gudun hijira. Ya zaɓi sabon tsarin da ya shelanta cewa an haifi mutane 'yantattu kuma daidai suke a gaban doka. A 1790 ya koma birnin Lille da ke kan iyakar arewa, ya shiga rundunar tsaro ta 'yan sa-kai, ya kai muƙamin kyaftin.

Abubuwa suka riƙa gudu. A watan Agustan 1791 bayin Saint-Domingue, ƙasar da ake kira Haiti a yau, suka yi bore. A watan Afrilun 1792 majalisa ta ba 'yantattun baƙaƙe da 'yan ruwa-biyu cikakken haƙƙin ɗan ƙasa, a watan kuma yaƙi ya ɓarke da Ostiriya. A watan Satumba wata tawaga ƙarƙashin Julien Raimond ta je gaban majalisa ta nemi izinin kafa runduna ta baƙaƙe da 'yan ruwa-biyu domin kare juyin juya halin. Majalisa ta amince da runduna mai mutum 1,000, aka naɗa Saint-Georges kanar, har aka riƙa kiran rundunar da sunansa. Daga cikin mataimakansa akwai Thomas-Alexandre Dumas, shi ma ɗan baiwa daga Saint-Domingue, wanda daga baya ya zama janar, kuma shi ne mahaifin marubucin nan Alexandre Dumas. Shekara 16 bayan an ce mawaƙa ba za su karɓi umarninsa ba, sai ga sojoji suna sara masa.

Rundunar ta sha fama da ƙarancin dawaki da kayan aiki da jinkirin albashi, amma ta fafata da dakarun Ostiriya a kewayen Lille. Babbar jarrabawa ta zo a watan Afrilun 1793. Janar Dumouriez, kwamandan rundunar arewa, bayan ya sha kashi a Neerwinden a watan Maris, ya ƙulla yarjejeniyar sirri da abokan gaba domin ya juya sojojinsa kan Paris ya maido da sarauta. Yana buƙatar Lille, saboda haka ya tura Janar Miaczinski ya kama birnin. Saint-Georges da Dumas suka ƙi ba da haɗin kai, suka kai wa hukumomin birnin labari, aka kama Miaczinski. Makircin ya wargaje, Dumouriez ya tsere wurin 'yan Ostiriya.

Sakayyar da ya samu ba ta ɗauki lokaci ba. Cikin waɗanda suka tsere tare da Dumouriez akwai ɗan Philippe na Orléans, saboda haka duk mai alaƙa da gidan ya shiga sahun abin zargi. A watan Satumban 1793 aka kafa dokar da ta ba da damar tsare mutum kan zato kawai. Aka zargi Saint-Georges da almubazzaranci da kuɗin runduna, aka tuno kusancinsa da fada, aka sauke shi daga muƙami, a farkon Nuwamba kuma aka kama shi. A cikin makonni uku na wannan kaka aka fille kan Marie Antoinette da Brissot da Philippe na Orléans, wato wadda ya yi kiɗa da ita da wanda suka zauna inuwa ɗaya da wanda ya ba shi masauki. Shi kuwa aka kulle shi a Hondainville, arewa da Paris, kimanin wata 11, ba tare da an gurfanar da shi gaban kotu ba.

Yana tsare ne ranar 4 ga Fabrairu, 1794, lokacin da majalisa ta soke bauta a duk yankunan da Faransa ke mulka. Cikin wakilan Saint-Domingue da zuwansu ya ingiza wannan mataki akwai Jean-Baptiste Belley, tsohon bawa da aka ɗauko tun yana yaro daga gaɓar Senegal. Ranar da doka ta 'yanta bayin gandun da aka haife shi, kanar ɗin da ya taimaka wajen ceto jamhuriyar yana bayan ƙofar kurkukunta.

An sake shi a watan Oktoban 1794, bayan faɗuwar Robespierre. Ya shafe shekara guda yana rubuta takardu yana bin ofisoshi domin a maido masa da rundunarsa, mutanen Lille da wasu sojojinsa suna ba da shaida a kansa, amma a ƙarshen 1795 aka rufe maganar. A wannan lokaci ne kuma Nanon ta rasu a Paris, ta bar masa ɗan abin da ta mallaka. Ya koma ga gogensa. A 1797 ya karɓi jagorancin wata sabuwar ƙungiyar makaɗa, Cercle de l'Harmonie, a Palais-Royal, jaridu kuma suka yaba da yadda ya tsara ta. Ciwon mafitsara ya kama shi, wani tsohon hafsan rundunarsa, Nicolas Duhamel, ya ɗauke shi zuwa gidansa ya yi jinyarsa. A can ya rasu a watan Yunin 1799, yana da shekara 53.

Abin da ya biyo baya

Mutuwa ta rufe masa ido daga ganin mafi munin abin. Wata biyar bayan rasuwarsa Napoleon Bonaparte ya ƙwace mulki. A watan Mayun 1802 ya kafa dokar da ta tabbatar da bauta a wasu yankunan mallaka, ya kuma tura Janar Antoine Richepanse Gwadalup da dubban sojoji. Wani hafsa ɗan ruwa-biyu, Louis Delgrès, ya jagoranci turjiya. Ranar 28 ga Mayu, da aka yi musu ƙawanya a Matouba, 'yan kilomitoci daga Baillif inda aka haifi Saint-Georges, Delgrès da ɗaruruwan mutanensa suka cinna wa rumbun albarushinsu wuta suka mutu, maimakon su miƙa wuya. A watan Yuli aka maido da bauta a tsibirin, shekara takwas bayan soke ta, ba a kuma sake soke ta ba sai 1848. A Faransa kanta an sake rufe ƙofa ga baƙaƙe, aka kawar da hafsoshinsu daga aiki. Janar Dumas ya rasu a 1806 cikin talauci, yana bin gwamnati bashin haƙƙoƙinsa.

Ana yawan cewa Napoleon ya haramta kiɗan Saint-Georges. Ko ba a haramta ba, yanayin ya wadatar. Salon kiɗa ya sauya da zuwan su Beethoven, masu ɗaukar nauyinsa sun mutu ko sun watse, ba shi da iyalin da za su adana takardunsa, kuma ƙasar da ta maido da bauta ba ta da sha'awar tunawa da ɗan baiwar da ya jagoranci 'ya'yan sarakunanta. A ƙarni na 19 an fi tuna shi a littattafan wasan takobi da na almara fiye da zaurukan kiɗa.

Farfaɗowar ta zo a hankali. A shekarun 1970 aka fara naɗar konsatonsa a faifai. A 2006 Gabriel Banat, tsohon mai goge a ƙungiyar makaɗa ta New York Philharmonic, ya wallafa cikakken tarihinsa bayan dogon bincike a ma'ajiyar takardu. A 2015 Chi-chi Nwanoku, makaɗiya 'yar Birtaniya wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta gabatar da shiri a kansa a rediyon BBC, a shekarar kuma ta kafa ƙungiyar Chineke! ta makaɗa baƙaƙe da 'yan tsirarun ƙabilu. A 2023 aka saki fim ɗin Chevalier a gidajen sinima, wanda ya kai sunansa ga sabbin masu kallo, ko da yake ya cakuɗa tarihi da ƙirƙira, har da wata gasar goge tsakaninsa da Mozart da marubutan fim ɗin suka ƙaga.

A watan Mayun 2001 majalisar Faransa ta amince da dokar da 'yar majalisa Christiane Taubira ta gabatar, wadda ta ayyana cinikin bayi da bauta a matsayin laifi kan bil'adama. A ƙarshen shekarar majalisar birnin Paris ta waiwayi wani titi da ke kusa da cocin Madeleine, wanda ya shafe kusan shekara 200 yana ɗauke da sunan Richepanse. Ta kaɗa ƙuri'ar sauke sunan janar ɗin, a farkon 2002 kuma aka kafa sabon allo mai ɗauke da sunan Chevalier de Saint-George.